Bindigar Gado da Akwatinta: Yadda Za Mu San Darajarta, Mu Kuma Kare Ta

An nemi in yi magana a kan wani abu da kusan kowane gidan sarauta a bakin Komadugu yake da irinsa a ajiye, wato tsohuwar bindiga ta gado, da yadda ake ƙiyasta kuɗinta domin inshora.

Turawan Birtaniya uku, Denham da Clapperton da Likita Oudney, sun taso daga Tarabulus ta Bilma, suka bi gefen Tafkin Chadi, suka ƙetare wannan kogi namu, suka isa Kukawa a watan Fabrairu na 1823. Cikin tsarabar da suka miƙa wa Shehu Laminu har da bindiga mai baki biyu, ƙirar Wilkinson, tare da akwatinta da dukan kayan aikinta. Rabe ya ci Kukawa a 1893, garin ya watse. Amma har yau muna iya faɗin sunan maƙerin wannan bindiga, saboda Denham ya rubuta shi a littafinsa da aka buga a Landan a 1826. Ke nan darajar kayan gado tana tare da rubutun da ke bayansa.

Duk ƙwararren da aka kawo wa tsohuwar bindiga, abubuwa huɗu yake dubawa. Na farko, asalinta: sunan maƙeri, da lambarta, da hatimin gwaji da ake bugawa a ƙarƙashin ƙarfen. Gidan gwajin bindigogi na Birmingham tun 1813 yake aiki, na Liège a Beljiyam kuwa ana gane hatiminsa da haruffan ELG. Da yawa daga bindigogin farauta na zamanin Faransa sun fito ne daga Saint-Étienne, musamman kamfanin Manufrance, mai ƙirar Simplex da Robust. Waɗannan an ƙera su da yawa, don haka tsufa kaɗai ba ya sa su tsada.

Na biyu, halin da take ciki. A nan ne muke yi wa kanmu ɓarna da kyakkyawar niyya. Wani zai goge ƙarfen da yashi har ya yi ƙyalli, ko ya kai wa kafinta ya sake gindin, yana ganin gyara ya yi, alhali ya kankare hatimi ya zubar da daraja. A shafa mata mai kaɗan, a bar ta yadda take. Kada kuma a gwada harsashin zamani a tsohon ƙarfen da aka yi domin albarushi, don yana iya fashewa a hannun mai harbi.

Na uku, akwatin. Takardar da ke manne a cikin murfi tana ɗauke da sunan maƙeri, wani lokaci har da lambar bindigar. In lambobin biyu suka dace, shaida ta tabbata cewa tare suka fito. Akwatuna sun fi bindigogi saurin lalacewa, musamman a ƙasarmu mai gara, shi ya sa masu saye suke ƙara kuɗi idan sun sami bindiga da akwatinta na asali. Kada a fenta shi, kada a ɓamɓare takardar ko da ta yage.

Na huɗu, tarihinta: wane sarki ya riƙe ta, wa ya ba shi, a wace shekara. A rubuta daga bakin dattawa tun suna raye, a sa hannun shaidu.

Sai batun inshora. Idan mai kaya ne ya faɗi kuɗi da bakinsa, ranar asara kamfani zai nemi hujja. Abin da ya fi shi ne ƙimar da aka amince da ita tun farko: ƙwararre ya rubuta rahoto da hotuna, kamfani ya yarda, a sa adadin cikin yarjejeniya. A karanta da kyau ko ta haɗa da gobara da sata da ambaliya, domin yawancin yarjejeniyoyi suna cire asarar yaƙi da tarzoma. Mu da muka ga harin Boso da Difa a Fabrairun 2015, muka ga Komadugu ta cika ta shiga gidaje a 2019 da 2022, mun san wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Kafin komai kuma, a sanar da hukuma a sami takardar izini, don bindiga ko ta gado ce, makami ce a idon doka.

Roƙona ga fada shi ne a buɗe littafi guda na kayan tarihi, a ɗauki hoton kowace bindiga da akwatinta da hatiminta, a ajiye kwafi ɗaya a wani gari. Kuɗin diyya ba zai dawo da bindigar kaka ba, amma littafin zai sa jikokinmu su san abin da gidan nan ya riƙe.

Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.