Giɓi a Salsalar Kayan Tarihi: Yadda Ƙididdiga Ke Tona Asirin Dillalai

Gabatarwa



Duk wanda ya saba da kara ya san ba a sayen saniya a hannun baƙon da ba wanda ya san shi. Sai dillali ya tsaya masa, ya ce ya san mutumin, ya san garinsu, ya kuma san dabbar tasa ce. La'adar da dillali yake karɓa ta haɗa da ladan wannan shaida. To, kasuwar kayan tarihi da zane-zane ta Turai da Amurka ita ma a kan irin wannan shaida take tafiya, sai dai tasu a rubuce take. Kowane kaya yana zuwa da takarda mai bayyana inda aka samo shi, da hannuwan da ya ratsa, da shekarun da ya yi a kowane hannu. Wannan jeri shi za a kira salsala a cikin wannan lacca. Inda aka rasa suna ko shekara a cikin jerin kuwa, shi ne giɓi.

Manufar laccar ita ce ta nuna cewa giɓi ɗaya a takarda ɗaya ba ya tabbatar da kome, amma idan aka tara dubban takardu aka ƙidaya, sai giɓin ya soma nuna hanyar da kayan suka biyo.

Dalilin da giɓi ya zama abin damuwa

A shekarar 1970 hukumar UNESCO ta zartar da yarjejeniya ta hana fataucin kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba. Sannu a hankali manyan gidajen tarihi suka ɗauki wannan shekara a matsayin iyaka, watau ba za su sayi kaya ba sai an nuna ya bar ƙasarsa kafin 1970, ko kuwa ya fita da izini. Wasu ƙasashe ma sun riga haka nisa. A Italiya, alal misali, dokar 1939 ta tabbatar cewa duk abin tarihi da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa na hukuma ne. Ke nan dillalin da ya sayi tulu daga masu haƙar kaburbura da dare ba shi da abin da zai rubuta a takarda. Dole ya bar wurin babu kome, ko ya rufe shi da wata magana mai hazo, kamar a ce kayan ya fito daga tarin wani attajiri na Suwizalan da ba ya so a ambaci sunansa.

Misalin kaskon Euphronios

A shekarar 1972 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya sayi wani babban kasko na Girkawan da, wanda wani gwanin zane mai suna Euphronios ya yi wa ado kimanin shekara 2,500 da suka wuce. An biya dala miliyan ɗaya. Dillalin, Robert Hecht, ya ce ya samo shi daga wani mutumin Bairut wanda mahaifinsa ya saye shi a Landan a 1920. Tun a lokacin hukumomin Italiya suka ce ba haka ba ne, daga wani kabari na garin Cerveteri, kusa da Rum, aka haƙo shi a 1971. Amma ba su da takardar da za su kafa hujja da ita, sai magana ta tsaya.

A shekarar 1995 'yan sandan Italiya da na Suwizalan suka buɗe ma'ajiyar wani dillali, Giacomo Medici, a birnin Jeniba, a irin rumbunan nan da kaya suke zama ba a biya musu kuɗin fito ba. Suka tarar da dubban kayan tarihi, da dubban hotuna, waɗansu suna nuna kayan a farfashe, da ƙasar kabari a jikinsu, waɗansu kuma suna nuna su bayan an gyara su. Takardun da aka samu sun bayyana wata dabara tasa. Yakan aika kaya gwanjon Sotheby's a Landan da sunan wani kamfani, sa'an nan ya sake sayen abinsa da sunan wani. Da haka sai kayan da jiya ba shi da salsala ya wayi gari da shaidar cewa an sayar da shi a fitaccen gidan gwanjo. Kotun Rum ta sami Medici da laifi a 2004, kuma a 2008 aka mayar da kaskon Italiya. Shekara 36 ke nan ana jayayya a kan kaya guda ɗaya tak.

Abin da ƙidaya ta nuna

Idan kaya ɗaya zai ci shekara 36, yaushe za a gama da dubbai? Nan ne amfanin ƙididdiga ya fito. Wani masani na Jami'ar Boston, Ricardo Elia, ya ɗauki nau'i guda na tuluna, waɗanda aka yi a yankin Apulia na kudancin Italiya, ya bi dukkan waɗanda masana suka jera a littattafai. Sakamakon ya fito a 2001. Daga cikin tuluna fiye da 13,000, waɗanda masana suka tono bisa ƙa'ida ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. Abin da ya fi wannan ɗaure kai shi ne, fiye da 4,000 daga cikinsu sun ɓullo ne tsakanin 1980 da 1992 kawai, kusan dukkansu babu bayanin inda aka same su. Dillali yana iya cewa tulu ɗaya ya daɗe a ɗakin kakan wani, a yarda. Amma hankali ba zai ɗauka cewa tuluna 4,000 sun yi ta kwanciya a ɗakunan kakanni, ba wanda ya taɓa ganinsu ko ya rubuta labarinsu, sa'an nan su fito tare a cikin shekara 12. Ruwa ba ya tsami banza.

Haka kuma a shekarar 2000 Christopher Chippindale da David Gill suka nazarci littattafan baje kolin waɗansu manyan masu tara kayan Girka da Rum. Cikin kaya 1,396, kimanin kashi uku cikin huɗu ba su da salsala rubutacciya. Sun kuma lura cewa kaya ɗaya yakan sake gari daga littafi zuwa littafi: bana a ce daga nan ya fito, baɗi a ce daga can.

Waɗannan masana da hannu suka yi yawancin aikinsu. Zuwan kwamfuta da intanet ya sauƙaƙa shi ƙwarai. A 2023 ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ICIJ, tare da abokan aikinta, ta ɗauki bayanan da gidan Metropolitan ya buga da kansa game da kayansa, ta gwada su da sunayen dillalan da aka taɓa tuhuma ko ɗaurewa saboda fataucin kayan tarihi. Aka sami kaya 1,109 da suka ratsa hannun irin waɗannan mutane. A cikin wannan shekarar gidan ya ba da sanarwar kafa rukunin ma'aikata na musamman domin binciken salsala.

Yadda ake aikin

Hanyar ba ta da wuyar fahimta. Da farko akan tattara littattafan gwanjo, da rajistar dillalai, da bayanan gidajen tarihi. Na biyu, akan rarraba kowace salsala gida-gida: sunan mai kaya, gari, shekarar shiga hannu, shekarar fita. Na uku, akan daidaita sunaye, domin mutum ɗaya yana iya bayyana da rubutu iri uku. Daga nan sai a yi wa jadawalin tambayoyi. Wace shekara ce kowane kaya ya fara bayyana a rubuce? Wane suna ne yake yawan zuwa daidai bayan giɓi? Attajiri nawa ne aka jingina musu ɗaruruwan kaya alhali ba a san su a ko'ina ba sai a takardun dillali guda? Kaya nawa ne salsalarsu ta tsaya cak a bakin 1970, kamar an auna da ma'auni? Amsar irin waɗannan tambayoyi ita take nuna wa mai bincike inda zai fara tono.

Iyakar ƙididdiga

Sai dai wajibi ne a yi hattara ta fuska biyu. Ta farko, ba kowane giɓi ne sata ba. Dillalan da can suna ɓoye sunan abokan cinikinsu don kada abokin hamayya ya ƙwace su, kuma yaƙin duniya na biyu ya ƙone takardu masu yawa. Alƙaluma suna kawo tuhuma, amma hukunci sai da shaida a kan kayan kansa.

Ta biyu kuwa, cikakkiyar takarda ma tana iya zama ƙarya. A Ingila an ɗaure John Drewe a 1999 saboda ya riƙa shiga ma'adanar takardu ta gidan Tate da ta Victoria da Albert yana cusa bayanan jabu, domin zanen da wani ya kwaikwaya masa ya sami salsala. Kwamfutar da aka ciyar da irin waɗannan takardu za ta ce babu giɓi ko ɗaya.

Abin da yake karya takardar jabu shi ne wata shaida daga wajen kasuwa. A 2008 gidan tarihi na ƙasar Ostareliya ya sayi mutum-mutumin tagulla na Shiva daga dillali Subhash Kapoor a kan kimanin dala miliyan 5, da takardar da ta ce wani jami'in jakadanci ya saye shi a Indiya a 1970. Ashe wata cibiyar bincike ta Faransa da ke Pondicherry ta ɗauki hotonsa a 1994, yana nan zaune a wurin ibadarsa na ƙauyen Sripuranthan. Hoto ɗaya mai kwanan wata ya rushe takardar baki ɗaya, aka mayar da shi Indiya a 2014. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Inda abin ya shafi Nijeriya da Nijar

Wannan kasuwa ta daɗe da miƙo hannu ƙasashen nan. A shekarun 1990 an yi ta haƙar mutum-mutumin yumɓu na Nok ana fita da su. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta buga jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya, a ciki har da na Nok, da na yankunan Sakkwato da Katsina, da na Bura a Nijar. A wannan shekarar aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan Louvre na Faris, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga wani dillali na Beljiyam. Bayan surutu ya yi yawa, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Akwai kuma misalin abin da tara bayani yake iya yi. A 2022 aka buɗe kundin intanet na Digital Benin, wanda ya haɗa bayanin kayan masarautar Benin 5,246 da suke warwatse a cibiyoyi 131 na ƙasashe 20, yawancinsu waɗanda sojojin Ingila suka kwasa a 1897. Matsalar kayan Nok ta fi wannan tsanani, domin abin da aka haƙo a ɓoye ba wanda ya taɓa yi masa lamba balle hoto.

Kammalawa

Darasin da yake cikin wannan bayani ya fi shafar ma'aikacin hukuma. Dillali yana cin riba ne a inda ƙasa ba ta san abin da ta mallaka ba. Ma'aikacin gidan tarihi da ya ɗauki hoton kowane kaya, ya auna shi, ya ba shi lamba da kwanan wata, ya kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam, shi ne ya tanadi shaidar da za a nema bayan shekara talatin. Haka jami'in kwastan da ya adana rajistar izinin fita da kaya ba tare da ɓatan shafi ba. Ɗalibai kuwa, ga fili a buɗe: littattafan gwanjon Turai masu ɗauke da kayan Nok da Sakkwato da Katsina da Bura suna nan a ɗakunan karatu da intanet, kuma duk mai haƙurin jera su a jadawali, shekara bayan shekara, zai iya yi musu irin tambayoyin da aka yi wa tulunan Apulia. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma ranar nan ɗaya, mai kayan da ya zo da rajistarsa a hannu shi yake cin moriyarta.