Jawabi a kan zaman da ake yi wa ƙasashe a birnin Janiba

 An ce in yi magana yau a kan wata majalisa mai nisa, wadda ake ambaton almajiranmu a cikinta alhali ba mu nan. Ni ban shiga makarantar boko ba. Wani almajirina da ya haɗa allo da boko shi ya karanta mini takardun, na yi ta tsare shi da tambaya har na gane.

Ku sani, cikin shekarar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa majalisar kula da haƙƙin ɗan Adam, mai kujera 47, mazauninta birnin Janiba a ƙasar Suwizalan. Daga 2008 sunka ɗauki wata al'ada, watau kowace ƙasa cikin ƙasashe 193 sai ta zo gaban 'yan'uwanta ta faɗi yadda ta riƙe talakawanta. An zaunar da Ingila, an zaunar da Saudiyya, an zaunar da Nijar maƙwabciyarmu. Layi yakan zagayo kan ƙasa bayan kamar shekara huɗu da rabi. Ya zagayo kan Nijeriya sau huɗu: Fabrairu 2009, Oktoba 2013, Nuwamba 2018, da Janairu 2024.

Takarda uku ake ajiyewa kafin zama. Ta fari gwamnati ce ke rubuta ta da hannunta. To, kun san gaban alƙali mutum ba ya zama shaidar kansa, kuma ba mu taɓa jin hakimin da ya rubuta wa sarki cewa ƙasarsa ta lalace a hannunsa ba. Ta biyu ma'aikatan Majalisar ne ke tattara ta daga rahotanninsu. Ta uku kuwa, ita ce dalilin tsayuwata a nan. Ita ce shaidar talakawa: ƙungiyoyin mata, da na guragu da makafi, da na lauyoyi, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa wadda anka kafa 1995, kowa ya aika da abin da ya gani, a taƙaita shi cikin shafi goma. Ran zama, awa uku da rabi, wakilan ƙasashe kaɗai ke magana. 'Yan ƙungiya sai kallo, sai bayan 'yan watanni, ran da za a tabbatar da rahoto, a ba su minti ashirin su raba. Saboda haka ƙarfinsu duka yana cikin takarda.

Kada in ruɗe ku, wagga majalisa ba ta da dogari, ba ta da gidan yari. Shawara kawai take bayarwa. A zaman 2018 an ba Nijeriya shawara 290, ta karɓi 240, sauran 50 ta ce ta ji, irin "mun ji" da mai gari ke ce wa mai ƙara in yana son ya tashi. Shawarar a soke hukuncin kisa tana cikin irin waɗanda ba ta karɓa ba. Na faɗi wannan ne domin wani malami ya ce mini ai tarko ne na ɗora mana al'adun Turawa. Na ce masa abin da gwamnati ta ƙi, ta ƙi shi a fili, ba wanda ya tilasta ta. Amma 240 ɗin da ta ce ta yarda fa? Wannan alkawari ne rubutacce, kuma mai bin bashi da takarda a hannu ya fi mai bi da baki. Ku dubi dokar hana wulaƙanta naƙasassu da anka sa wa hannu a Janairu 2019, wata biyu bayan zaman. Naƙasassun ƙasar nan su sunka yi shekaru suna bin ta ƙofa ƙofa, Janiba ɗaya ce cikin ƙofofin da sunka buga.

Yanzu mu komo gida. Cikin 2020, da annoba ta zo, gwamnonin Arewa sunka yi ta kwasar almajirai cikin motoci ana mayar da su garuruwansu. Na ga yaro ɗan shekara tara da anka sauke a nan Katsina, ba allo, ba ƙoƙo, bai san sunan ƙauyensu ba sai sunan kasuwarsu. Wane ne cikinmu ya rubuta ranar, da yawan yaran, da inda sunka kwana? A ran 11 ga Disamba na wannan shekara anka sace yara fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duka ta ji. Yaran tsangayun ƙauye da ɓarayin daji sunka tarwatsa kuwa, labarinsu ya tsaya a bakin iyayensu. A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. In ta rubuta cewa ta yi aiki, wa zai gaskata ta ko ya ƙaryata ta in ba mu ba? Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Akwai kuma wadda ta fi ɗaci. A Oktoba 2019 'yan sanda sunka buɗe gidan mari a Daura, bayan kwana kaɗan sunka buɗe wani a nan birni, anka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabo a baya. Labarin ya tafi duniya da sunan makarantar allo. Mun ji zafi, munka ce an yi mana jam'u. Amma da yawanmu mun san da irin gidajen nan tun kafin ranar, munka yi shiru. Ni ma ina cikin masu shirun. In za mu rubuta laifin hukuma mu ɓoye namu, takardarmu ta zama irin ta fari, shaidar mutum ga kansa, ba mai kula ta.

Ga yadda ƙa'idar take. Ƙungiya ba ta bukatar izinin gwamnati kafin ta aika. In ita kaɗai ce, kada ta wuce kalma 2,815. In ƙungiyoyi sunka haɗu, an ba su har 5,630. Ana aikawa ta intanet kamar wata shida kafin zama. Ba a karɓar Hausa, amma Larabci yana cikin harsuna shida na Majalisar, kuma zauren nan bai rasa masu alƙalami ba. Abin da sunka fi so shi ne abin da ido ya gani, da rana da wuri, ba "an ce" ba.

Abin da nake roƙo, kowace tsangaya ta ajiye littafi guda. Yaron da anka kama ba dalili, da wanda ya kwanta ciwo anka rasa magani, da wanda malami ko gardi ya yi wa dukan da ya wuce horo, a rubuta ranar da garin da wanda ya gani, a sakaya sunan yaro. Duk ƙarshen wata a kawo littattafan nan zaure a haɗa. Kwafi ɗaya ya tafi ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da ke nan Katsina, domin abin da za a iya gyarawa a gida kada ya jira Janiba. Ɗaya mu ajiye har layi ya zagayo. Ranar Alhamis, da yake ba karatu, mai son a sa tsangayarsa ya zo bayan la'asar. Na riga na sayi littafi goma.