ZARTO MAI BIN DOGO DA YATSUN YARANMU
Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata



An ce in yi magana kan gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a kasuwar katako, wato wane injin zarto ne ya fi. Wannan ya ce Makita, wancan ya ce Bosch ko DeWalt, mai ƙaramin ƙarfi ya ce shi dai Ingco ta ishe shi. To, jama'a, ni ba alƙalanci na zo yi ba. Na zo ne da maganar yatsu.

Shekarun baya akwai wani yaro a shagona, mai hankali, mai hannu. Ranar nan yana tsaga filanki sai aka ɗauke wuta. Ya ajiye injin bisa katako bai kashe ba, murfin haƙoran kuwa tuni mun ɗaure shi da waya wai yana ɓata mana lokaci. Da aka maido wuta injin ya zabura, yaron ya kai hannu. Yatsu biyu suka tafi. Injin nan na babban kamfani ne, mai tsada, amma sunan bai hana komai ba. Laifin nawa ne, ni da na ɗaure murfin. Har gobe in na ga yaron nan yana cin tuwo sai in sunkuyar da kai.

Ku tuna, faifan zarton hannu yana juyawa kimanin sau 5,000 a minti ɗaya. Kafin ka ce wayyo, an gama. Babban haɗarinsa kuma shi ne tutsu: in katako ya matse faifan, ko hannu ya karkace daga layi, sai injin ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi.

Dabarar dogo tana rage wannan. Mu mutanen Minna ai mun san dogo, tun da layin jirgin Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 ya isa Kano a 1911, shi ya jawo kakannin da yawa daga cikinmu garin nan. Jirgi ba ya kauce hanya saboda ƙarfe ya riƙe ƙafarsa. Haka wani kamfanin Jamus mai suna Festo, wanda kayan aikinsa yanzu ake kira Festool, ya fito da dogon zarto a 1962. Ana shimfiɗa shi bisa katako, injin ya hau ya bi shi sak. A irin na yanzu, faifan yana ɓoye cikin gidansa, ba ya leƙowa sai ka danna, in ka saki ya koma. Makita da Bosch da DeWalt duk suna yin nasu, kuma a Turai da Amurka ma masu sha'awa gardamar nan suke yi kamar mu.

Na san wani zai ce, Malam, ina muka ga kuɗinsa? Gaskiya ne. Amma kana iya yin naka dogon da ragowar filawud. Samo falle mai tsawon ƙafa 8, ka manna masa siririn katako miƙaƙƙe da gam da ƙusa. Jingina gindin injin da siririn, ka yanke abin da ya yi saura. Shi ke nan, bakin fallen ya zama layin yankanka. Ka matse shi da ƙarfen matsewa, kada ka sa yaro ya danne da hannu. Ba zai ɓoye maka faifai kamar na kanti ba, amma injin ba zai yi ta yawo ba.

Sai abubuwan da ba sa cin ko kwabo. A kwance wayar da aka ɗaure murfi da ita. In an ɗauke wuta, a kashe injin a zare shi daga soket, haka ma in za a canja faifai. Kada haƙora su leƙo ƙasan katako fiye da kima. A tokare katakon ta yadda ba zai lanƙwasa ya matse faifai ba. Babbar riga ta Juma'a ce, ba ta gaban inji ba. A rufe ido da tabarau, a rufe hanci, domin tun 1995 masana ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo shi, ƙurar loko kuma tana tayar da asma.

Iyaye, ku ma da sauran aiki. In za ka kai ɗanka koyon sana'a, kada ka tsaya tambayar sunan injin maigidan. Duba ko murfinsa yana aiki, sa'an nan ka ƙirga yatsun yaran shagon.

Wasu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To, amma Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mu, ya sa albarka a sana'armu.