Abin da Awon Sukari Yake Faɗa Game da Majiyyaci

Jawabin da wani ɗalibi ya yi a taron ɗalibai da matasan ma'aikata a Unguwar Boro, Kaduna



Idan ciwo ya tsananta aka ɗauki mutum daga nan Unguwar Boro zuwa asibitin Gwamna Awan a Kakuri, ko aka ƙetare kogi da shi zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ɗaya daga cikin abubuwan da likita zai so ya sani shi ne yawan sukarin jininsa. Ba mai ciwon sukari kaɗai wannan ya shafa ba. Jikin da ke fama da ƙuna, ko rauni, ko guba a jini yakan saki sinadaran da ke ɗaga sukari. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kuwa yakan kayar da shi, musamman ga yara da masu ciki, haka ma maganin kwinin.

Hanyar da muka saba ita ce a soki yatsa a auna ɗigon jini, a koma bayan wasu awoyi. Abin da ya faru tsakanin awo da awo ba wanda ya gani, alhali majiyyacin da ba ya cikin hayyacinsa ba zai ce yana jin jiri ba. A 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'ura ta farko mai awo dare da rana. Siririn zare ne ake sakawa ƙarƙashin fata, kuma irin wadda take awo kowane minti 5 tana ba da lambobi 288 a yini.

To, me za a yi da wannan tarin lambobi? A 2001 Farfesa Greet Van den Berghe ta birnin Leuven a Beljiyam ta yi nazarin majiyyata 1,548, ta ga cewa riƙe sukari da insulin tsakanin miligiram 80 da 110 a kowane desilita ya rage mutuwa daga kashi 8 zuwa 4.6 cikin ɗari. Asibitoci da yawa suka bi. Sai a 2009 binciken NICE-SUGAR, mai majiyyata 6,104 a Ostireliya da Niyu Zilan da Kanada, ya nuna akasin haka: kashi 27.5 na waɗanda aka matse wa sukari sun mutu cikin kwana 90, na sauran kuwa 24.9. Faɗuwar sukari mai haɗari ta sami kashi 6.8 na rukunin farko, 0.5 kacal na rukuni na biyu. Garin neman gira aka rasa ido. Saboda haka yawancin likitoci yau suna neman 140 zuwa 180.

Darasin shi ne lamba guda ba ta isa hukunci ba. Mai nazari zai duba awa nawa sukarin ya zauna cikin iyakar da ake so, sau nawa ya faɗi ƙasa da 70, da kuma inda ya dosa. Mutum biyu suna iya nuna 100, ɗaya a tsaye, ɗaya yana gangarowa daga 200. Na biyun ne ke bukatar nas a gefensa.

Sai dai na'urar ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki ne, don haka takan makara da 'yan mintoci, kuma takan yi kuskure idan jiki ya kumbura ko jini bai gudana sosai. Lalle ne a riƙa gwada ta da awon jini. Ga kuma tsada.

Ku da za ku riƙe ofisoshin gwamnati gobe, kada sabuwar na'ura ta ɗauke muku hankali. Ku fara da tanadin tsinken awo, da isassun ma'aikatan jinya na dare, da takardar da ake rubuta kowane awo da lokacinsa. Asibitin da ya iya karanta wannan takarda shi ne zai amfana da na'urar ranar da ta iso.