Jawabi A Kan Yadda Ake Tambayar Masu Ciwon Sukari A Faransa

 Abin da muka kawo muku yau labari ne na yadda ake tambayar masu ciwon sukari a ƙasar Faransa, su faɗa da bakinsu ko ana lura da su sosai.

Ciwon nan manyansa iri biyu ne. Na fari yakan kama yaro, dole sai da allurar insulin. Na biyu yakan zo wa mutum bayan ya manyanta, shi ne muka fi gani a gidajenmu, a Faransa ma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon shi ke gare su. Ba kamar zazzaɓi ba ne da za a sha magani ya wuce, zama yake yi. Likita yakan auna jini bayan wata 3, awon da suke kira HbA1c, ya ga yawan sukarin. Amma awon ba ya faɗa masa ko an yi wa mutum bayanin da ya gane, ko kuwa maganin yana wahal da shi har ya tura shi ƙarƙashin gado. Wannan sai mai ciwon. Tun a 1870, da aka kewaye birnin Paris da yaƙi abinci ya yi wuya, wani likita, Bouchardat, ya lura sukari ya ragu a fitsarin waɗansu majinyatansa. Shi ne kuma ya riƙa koya musu su auna fitsarinsu da kansu, watau ya sa su cikin aikin.

To, a 2005 waɗansu masana na Amurka, cikinsu da Glasgow da Wagner, suka fito da wata takarda da ake kira PACIC, mai tambaya 20. Ana tambayar mutum abin da ya auku cikin wata 6 da suka wuce, shi kuwa ya ba da maki daga 1 zuwa 5. Ba a ce masa, likitanka mutumin kirki ne? Kowa ya san amsar da zai bayar. Sai a ce, an nemi shawararka sa'ad da ake tsara maganinka? An tambaye ka wahalar da ƙwayoyin ke ba ka? An neme ka bayan ka koma gida a ji yadda kake? An gaya maka dalilin zuwa wurin likitan ido? A ganinmu hikimar ke nan, shaida ake nema a kan abin da aka yi, ba yabo ba.

Masu bincike na Faransa sun juya takardar da Faransanci, suka gwada ta, suka buga a 2014. Juyin irin wannan takarda kuwa ba wasa ba ne. A birnin Liyon akwai wata ƙungiya, Mapi Research Trust, mai ajiyar irin waɗannan takardun tambaya. Ka'idar aikin ita ce wani ya juya, wani dabam wanda bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen farko, a gwama, sa'an nan a ba majinyata su faɗi abin da suka gane. Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san wannan, sai ka biya wa malam kafin ka wanke.

Hukumar lafiyar ƙasar kuma ta yi wani babban bincike, Entred, a 2001 da 2007 da 2019, inda aka zaɓi dubban masu ciwon aka tambaye su, aka kuma tambayi likitocinsu. A 2025 ƙungiyar OECD da ke Paris ta buga amsar mutum wajen 107,000 daga ƙasa 19, masu shekara 45 zuwa sama.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Mu kunya gare mu. Tsoho ƙafarsa tana masa zugi dare farai, likita ya ce yaya jiki, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Godiya ga Allah wajibi ce, amma likita abin da ya ji shi zai rubuta, gyambon kuwa yana ci, har wata rana a ce sai an yanke. 'Yan'uwanmu da ke zaune Paris ko Liyon, in an miƙa muku irin wannan takarda, kada ku cika ta da 5 don ladabi. Wanda bai iya Faransanci ba ya nemi mai karanta masa, mai karatun kuma kada ya gyara amsar tsoho.

Cikin tambayoyin akwai guda da ta fi jan hankalinmu, ko likita ya duba al'adarka da abin da ka yi imani da shi kafin ya ba ka shawara. A wurinmu wannan maganar azumi ce. Waɗansu magunguna suna iya kayar da sukari ƙasa ƙwarai ga wanda ya wuni bai ci ba, har ya suma. Mai ciwon ya je asibiti tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban, ya ce wa likita yana nufin azumi, a duba lokacin shan maganinsa, a gaya masa alamar da in ya gani zai karya. Hukuncin ramuwa ko ciyarwa kuwa, wannan a tambayi Malam Liman bayan an tashi. Wassalam.