Duwatsun Abzin da wutar da ke ƙarƙashin ƙasa

 

Da yawa cikinmu sun ji labarin dokin Bagazam. Wasu kuma sun sayi albasa da tafarnuwar Agadas a kasuwa. To, yau za mu yi hira a kan duwatsun da waɗannan abubuwa ke fitowa, watau duwatsun Abzin, a arewacin ƙasarmu Nijar.

Mu fara da tukunyar tuwo. In wuta ta yi ƙarfi, talge yana tafasa, ya ɗaga marufi, ya zubo. Haka cikin ƙasa yake. Can ƙasa, nesa ƙwarai da gindin rijiya mafi zurfi, akwai zafin da ke narkar da dutse kamar yadda maƙeri ke narkar da dalma. Wani lokaci narkakken dutsen nan yana samun tsaga, ya taso, ya fito waje da toka da hayaƙi. Wannan shi ake kira dutse mai aman wuta.

Narkakken dutse yana sanyi iri 2. In ya fito fili, iska ta buge shi, sai ya daskare da sauri, ya zama baƙin dutse. Wani za ka gan shi da ƴan ramuka kamar cikin waina. Iska ce mai zafi ta fita ta bar gurbinta. In kuwa bai fito ba, ya tsaya cikin ƙasa, sai ya huce sannu a hankali, ya zama dutse mai tsaba-tsaba, irin wanda ake yin dutsen niƙa da shi. Daga baya ruwa da iska su kwashe ƙasar da ta rufe shi, ya bayyana.

Duka iri biyun akwai su a Abzin. Manyan duwatsu kamar Bagazam cikin ƙasa suka huce, shekaru fiye da miliyan 400 da suka wuce. A kan Bagazam ne wuri mafi tsawo a Nijar yake, mita 2,022. A kudancin Abzin kuma, a yankin Todra, akwai tsofaffin bakunan aman wuta fiye da 100. Waɗannan yara ne in an gwada su da Bagazam. Yau ba sa aman wuta, amma zafi bai ƙare ba. A Tafadek, arewa da Agadas, ruwan zafi yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa, masu sanyin ƙashi suna zuwa wanka.

Mutanen Damagaram, ku ma abin ya shafe ku. Manyan duwatsun nan na Zinder da na Gure dangin na Abzin ne, shekarunsu wajen miliyan 300. Layin ya miƙa har Jos, a Najeriya, inda duwatsun suka fi ƙuruciya. Shi ya sa aka haƙi kuza a Jos, aka kuma haƙe ta a El Meki cikin Abzin.

To, mene ne amfanin duwatsun ga talaka? Ruwa. Ruwan sama kaɗan ne a Abzin, kuma dutse ba ya shan ruwa. In an yi ruwa, sai ya gangaro cikin ƙoramu, yashi ya shanye, ya ɓoye shi. Nan masu lambu ke gina rijiyoyi. Da ruwan nan mutanen Timiya ke samun lemu da rumman da dabino a tsakiyar hamada. Wani ruwan kuma yana kwanciya cikin kwarmin dutse wata da watanni. Nan barewa da ragon dutse da awakin Buzaye ke sha.

A shekarar 1988 gwamnati ta keɓe arewa maso gabashin Abzin da wani yanki na Tenere, ta mai da su gandun daji. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 77,000. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Amma a 1992, sanadin tashin hankali a arewa, aka rubuta shi cikin wuraren da ke cikin haɗari. A shekarun da suka biyo baya, maharba suka kusan ƙarar da jiminar Abzin.

Ƴan'uwa, dutse yana jure shekaru miliyan 400, amma abin da ke rayuwa a gindinsa ba haka yake ba. In an sare itacen bakin ƙorama, ambaliya tana cinye lambu a dare ɗaya. Wannan gaskiya ce a Timiya, gaskiya ce a gulbin Maraɗi da Majiyar Tawa.

Gobe in za ku gona, ku ɗauki dutse guda, ku duba shi da kyau. Baƙi ne mai ramuka? Mai tsaba-tsaba ne? Ko kuwa jan marmara ne, wanda ba wuta ta yi shi ba? Ku kai shi wurin taro, ku gwada da na maƙwabta, ku tambayi tsofaffi sunansa.

Sai wani mako. Mu kwana lafiya.