Yawan Shinge Ba Shi Ne Tsaro Ba: Lacca Kan Amanar Dukiyar Jami'a

 

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Jibiya ya san shinge. Direba ya tsaya nan, ya tsaya can, ya nuna takarda, kafin ya kai Magama ya gaji da taka birki. An rufe wannan iyaka tamu da Nijar a Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Ku da ke zaune a nan kun fi ni sanin ko fasa-ƙwauri ya tsaya a waɗannan shekaru. Mai ƙaramin jari ne ya sha wuya.

Haka muka yi wa jami'o'in gwamnati. A 2015 aka tilasta wa hukumomin tarayya zuba kuɗinsu a asusun bai ɗaya. Aka kawo tsarin biyan albashi na IPPIS, albashi ya koma hannun Abuja, malamai suka ce tsarin bai san malamin aro ba, bai san hutun bincike ba. Yana cikin dalilan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022, 'ya'yanmu na zaune a gida. A Disambar 2023 gwamnati da kanta ta amince a cire jami'o'i daga tsarin IPPIS.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, an yi sakaci da masu gadin da doka ta tanada. Doka ta ce a tura kwamitin ziyara kowace jami'ar tarayya duk shekara biyar, ya duba littattafan kuɗi, kwangila da ɗaukar ma'aikata. Kwamitocin da aka tura a 2021 aikin shekara goma suka haɗa, daga 2011 zuwa 2020. Wa zai tuna buhun simintin da aka saya shekara tara baya? Sannan a Yunin 2023 aka rushe majalisun gudanarwar jami'o'in tarayya, jami'o'i suka yi kusan shekara babu mai tambayar shugaba ko ma'aji.

Muna da Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da aka kafa a 2006, da ta Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011. Ba na zargin kowa a cikinsu. Amma kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, harajin kamfanoni ne, kuɗin rajista kuwa gumin iyaye ne, wani ma sai da ya sayar da akuya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowa damar tambayar hukumar tarayya a rubuce, a amsa masa cikin kwana bakwai. Ina roƙon ƙungiyar ɗaliban Jibiya ta rubuta wa jami'ar tarayyar takarda kafin zangon karatu mai zuwa, ta nemi rahoton binciken kuɗi na bara, a karanta shi da Hausa a wannan ɗakin taro.